Lamba Huɗu Ta Makara

Fowey, 9 ga Fabrairu, 1804
Tawa ta uku a bana

Ɗana Nat, laftana a jirgin Carrick,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa ta hagu, ka san halinta in sanyi ya kama. Ƙanwarka Tamsin tana gaishe ka, ciki ya fito sosai. Ta ce in namiji ne sunanka za ta sa, mijinta ya ce a'a, Nat ɗaya ya ishi dangi. Ka ga na sa lamba a sama yadda ka koya mini, don ka gane in wata ta ɓace a hanya. Taka ta biyu ta zo, gefe ya jiƙe amma na karanta.

Ga safa ƙafa biyu na saƙa maka. Kada ka ba kowa, na san ka.

To ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ran Lahadi muna fitowa daga coci Misis Hocking ta tare ni a bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda har na baya za su ji. Wai, "Keziah, kin ji labarin Edmund ɗina? An ba shi jirgi nasa na kansa a Jamaika, Dunlin sunansa. Kyaftin ake ce masa yanzu, har ya ɗora tuntun zinariya a kafaɗar hagu. Naku fa, har yanzu laftana ne ko?" Na ce, "Har yanzu, kamar yadda bakinki har yanzu bai rufu ba." Aka yi dariya, amma Nat, da na koma gida ko abinci ban iya ci ba.

Edmund fa. Yaron da kai ka koya wa ɗaurin igiya a bakin tasha yana majina. Shekararsa ashirin da huɗu. Kai talatin da shida, sha shida daga ciki kana laftana, kana tsaye cikin ruwan sama kana tsare wa wasu jirgi suna shan suna. Ta ce wai can Jamaika girma ba ya jira, wata shida ko shekara an ɗaga mutum. To me ya hana a kai ka can?

Na yi tunanin Kawunka Rosewarne na Lostwithiel, ɗan'uwan babanka na nesa, wanda ya fara ɗaukarka a jirginsa kana ɗan sha biyu. Ya ajiye aiki amma an ce har yau manyan ofishin sojan ruwa na Landan suna amsa takardarsa. Tun rasuwar babanka ban taɓa roƙonsa ko allura ba. In je? Ka faɗa mini, ba zan taka ba sai na ji daga gare ka.

Mamarka,
Keziah Pengelly

*

Jirgin Carrick, gaban Brest, 6 ga Maris, 1804
Lamba huɗu

Mama,

Na gaishe ki, Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Ina lafiya. Safa ta zo, ɗaya tana ƙafata, ɗayar tana ƙafar likitanmu, ki yafe. Muna nan muna kai da kawo a bakin tashar Faransawa, su ba su fito ba, mu ba mu tafi ba.

Mama, kada ki je wurin Kawu Rosewarne. Ina roƙonki.

Misis Hocking ta faɗa miki girma yana sauri a Jamaika, ba ta faɗa miki dalili ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. A aikinmu ba a ɗaga mutum sai gurbi ya buɗe, a can kuwa zazzaɓin shawara ne yake buɗe gurbi. Kyaftin ya mutu da safe, kafin la'asar babban kwamanda ya ba na ƙasa da shi jirgin, ba sai an jira Landan ba. Shi ya sa kowace Alhamis a teburinmu samari suke ɗaga kofi suna roƙon yaƙi mai zafi ko shekarar annoba, suna dariya. Na daina ɗaga nawa. Mu bakwai muka ci jarrabawar laftana rana ɗaya, huɗu suka nemi Jamaika. Dukkansu sun zama kyaftin, ɗaya ne ya dawo.

Zazzaɓin ya fi kama wanda bai taɓa zama ƙasar zafi ba, ni kuwa duk aikina a ruwan sanyi na yi shi. Na fi son in tsufa ina laftana, in yaƙi ya ƙare in dawo in gyara miki rufin ɗaki in shuka dankali a bayan gida. Ki bar Misis Hocking da bakinta, ki kuma yi wa Edmund addu'a.

Ɗanki,
Nat

*

Fowey, 14 ga Afrilu, 1804
Tawa ta biyar

Ɗana Nat,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Tamsin ta sauka, mace ce, jajir da ita kamar an dafa. An huta da rigimar suna.

Taka ta uku ta zo, ta biyar ma ta zo, ta huɗu ce shiru. Na je gidan waya har sau uku, mutumin ya ce wataƙila ƙaramin jirgin da ya ɗauko ta iska ta kora shi wani wuri. Amma ba kome, don a ƙarshen ta biyar ka ce, "Maganar Kawu Rosewarne kuwa, na riga na faɗa miki abin da nake so a ta baya, na kuma san ba za ki ƙi ni ba." Da na karanta sai da na yi hawaye. Ashe kana so tuntuni, kunya ce ta hana ka. Yaushe na taɓa ƙin ka?

Ran Talata na hau keken doki na mai kai kaya zuwa Lostwithiel, da kwandon ƙwai da cuku guda. Na tarar da Kawunka a kujera, ƙafa a kumbure an ɗora a kan matashi. Ya ce, "Keziah, shekara goma sha wani abu ba ki zo ba, yau ga ki da cuku. Wa za a kashe?" Na ce ba wanda za a kashe, jirgi nake roƙa wa ɗana, a kai shi Jamaika.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Kin san abin da kike roƙo?" Na ce na sani sarai. Ya ce, "Shi ya ce yana so, ko ke ce?" Na ciro takardarka na nuna masa layin. Ya karanta sau biyu da idonsa mai gani. Ya ce, "Ya taɓa zama ƙasar zafi?" Na ce ai Nat ko mura ba ta kama shi, yana yaro cikin ƙanƙara yake wanka. Sai ya ce, "To, ba yaro ba ne, ya san abin da ake ciki. Ni ma can na samu nawa." Ya sa aka kawo masa alƙalami a gabana.

Da zan tafi ya ce in ɗauke cukuna, shi ba ya karɓar kome a kan irin wannan. Tsufa ya sa shi baƙin rai, ni dai na bar masa a kan tebur.

Ka ga mamarka ba ta iya rubutu mai kyau ba amma ta iya tafiya. Sai ka shirya.

Keziah

*

Plymouth, 20 ga Mayu, 1804
Lamba bakwai

Mama,

Ina lafiya. Takardarki ta biyar da umarnin Landan rana ɗaya suka same ni. Jibi za mu tashi zuwa Jamaika, babu damar in zo in yi sallama, ba a ba ni ko kwana ɗaya ba. Umarni in ya fito ba a mayar da shi, wanda ya ƙi kuwa ya gama aiki ke nan har abada.

Na gode da tafiyar da kika yi da wannan gwiwa. Na san abin da roƙo yake a wurinki.

Abu ɗaya. In lamba huɗu ta iso, ki jefa ta a murhu, kada ki buɗe. Ranar da na rubuta ta raina a ɓace yake, surutu ne kawai a ciki. Ki sumbaci jaririyar Tamsin, ki ce mata kawunta zai kawo mata aku.

Nat

*

Jirgin Dunlin, Port Royal, Jamaika, 19 ga Agusta, 1804
Lamba tara

Mama,

Ina lafiya, zafi ne dai kamar a bakin tanda. Abin da kike so ya samu. Tun ran Litinin ni ne mai jirgin Dunlin, igwa goma sha shida, mutum ɗari da 'yan kai. Jirgi ne mai kyau, yana jin iska kamar doki yana jin linzami. Jiya da muka fita na tsaya a baya ina kallon ƙyallayen da ke tura shi sun cika da iska, na tuna Baba.

Edmund Hocking ya bar jirgin. Babban kwamanda zai rubuta wa mahaifiyarsa da kansa, don haka kada ki ce mata kome sai ta ji daga can. Ki riƙa leƙa ta.

Ɗanki,
Nat

*

Fowey, 8 ga Oktoba, 1804
Tawa ta tara

Kyaftin Nathaniel Pengelly,

Ka ga yadda na rubuta? Sau uku na gwada a bayan takardar shayi kafin na sa a nan. Muna lafiya, gwiwa ma yau ban ji ta ba. Tamsin ta yi ta tsalle har ta tashi yarinya daga barci.

Na je Plymouth da kaina wurin masu ɗinkin kayan hafsoshi. Na ce a ba ni tuntun kafaɗa na kyaftin. Mutumin ya kalli takalmina ya ce, "Na wa, Iya?" Na ce na ɗana, mai igwa goma sha shida, kai nawa gare ka? Ya kawo. Nat, nauyi gare shi, yana ƙyalli kamar bagaden coci. Na naɗe shi cikin tsohuwar rigar babanka ta ulu don kada gishirin teku ya ɓata shi. Zai taho da jirgin wasiƙu na Falmouth. Hagu ake sawa, na tambaya.

Ka ce kada in faɗa wa Misis Hocking, to ka yafe, bakina ya fi ƙarfina. Na same ta tana shanya. Na ce, "Loveday, Nat ɗina ne a kan Dunlin yanzu. Edmund ɗinki ya bar shi, da alama babba aka ba shi." Ta saki rigar da ke hannunta ta rungume ni. Wai, "Keziah, mu biyu uwayen kyaftin, a layi ɗaya." Ta ja ni ciki ta yanka mini burodi mai zabibi, muka yi ta lissafin ko igwa nawa ne a sabon jirginsa. Ta ce talatin da biyu, na ce ki dai rage. Ashe matar ba ta da mugunta, baki ne kawai.

Ka riƙa sa hula a rana.

Mamarka

*

Fowey, 23 ga Oktoba, 1804
Tawa ta goma

Nat,

Ban san yadda zan fara ba. Muna lafiya. Kai fa, kana lafiya? Ka amsa mini wannan kafin kome.

Ran Juma'a mai kai wasiƙu ya shigo layinmu da takardu biyu. Ɗaya mai baƙin hatimi, ya miƙa wa Loveday Hocking. Ɗaya tawa, duk ta yi laushi, ta je har Lisbon ta dawo. Lamba huɗu.

Ka ce in ƙona. Na kai ta bakin murhu, Allah ya sani na kai. Sai na ji kukan Loveday ta bango, irin kukan da ban ji ba tun ranar da teku ta ƙi dawo da babanka. Na tsaya da takarda a hannu, na ce me Edmund ya bari, yaya ya bar shi. Na buɗe.

Na karanta, Nat. Kada ki je, ka ce. Ina roƙonki, ka ce. Ni kuwa na hau keke da cukuna na je na nuna wa tsoho layinka na ce kai kake so. Ya tambaye ni sau biyu. Da ƙafata na je. Kuma na zauna a ɗakin matar nan na ci burodinta muna ƙirga igwa, alhali ɗanta ya yi wata biyu a ƙasa, nawa kuma yana kwana a gadonsa. Ta aiko Tamsin ta ce mini ba ta riƙe ni ba, ta san ban sani ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Me ya sa ba ka faɗa mini daga Plymouth ba? Har da godiya ka yi mini.

Jiya na koma Lostwithiel. Kawunka ya ce shigar da mutum can takarda ɗaya ce, fito da shi kuwa ba a hannunsa take ba, sai ko in likita ya rubuta cewa ba ka da lafiya. To ka je wurin likitan. Ka ce ƙirjinka, ka ce idonka, ka ce duk abin da ake cewa. Ka mayar musu da jirginsu. Ba na son kyaftin, rufin ɗakina yana yoyo, kai nake jira ka gyara. Kowa ya tambaye ni a coci zan ce laftana ne, har yanzu, in ƙara da godiya ga Allah.

Ka dawo, ka ji.

Mama

*

Jirgin Dunlin, Port Royal, 4 ga Janairu, 1805

Zuwa ga Misis Pengelly,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ba ki san ni ba. Sunana Philip Ansty, mutumin Dorset, ni ne laftanan ɗanki a wannan jirgi. Na san takardar babban kwamanda ta riga tawa, amma tasa layi huɗu ce, ɗanki ya fi haka.

Zazzaɓin ya kama shi ran 22 ga Nuwamba muna teku, ya rasu ran 27 da hantsi. Kafin nan mutum talatin ne suka kwanta a jirgin, kullum sai ya sauka ya duba su ɗaya ɗaya, ko da likita ya hana. Mun ɗinke shi cikin shimfiɗarsa yadda ake yi, muka sa shi a ruwa mai zurfi, nesa da tashar nan da ba ya so. Ranar da ya ji jikinsa ya ɗan yi sauƙi ya ce in rubuta miki cewa ya ji daɗin jirgin, kwana ɗari da 'yan kai ya yi yana kyaftin kuma bai raina ko ɗaya ba. Ya ce in faɗa da kyau don ki yarda.

Ƙunshinki da wasiƙunki biyu, ta tara da ta goma, sun iso bayansa da kwana goma sha ɗaya. Wasiƙun ban buɗe ba, ga su. Tuntun ma ga shi cikin rigar ulun da kika naɗe shi. Bai rasa na sawa ba. Ba a samun irinsa a tsibirin nan, don haka na Kyaftin Hocking ya ɗora, wanda aka bari a ɗakin. Shi ne a kafaɗata yanzu, don ni aka ba jirgin a ranar da muka shigo tasha. Na ga ya kamata ki ji wannan daga bakina.

Akwai aku a keji da ya ce na 'yar ƙanwarsa ne. Zan aiko shi in na samu mai kula da shi a hanya.

Naki cikin ladabi,
Philip Ansty

*

Fowey, 2 ga Maris, 1805
Tawa ta ɗaya gare ka

Ɗana Philip,

Ka yi haƙuri na kira ka haka, ban iya kiran kyaftin ba yanzu. Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka a tsaye. Mu nan muna nan. Na gode da takardarka, Tamsin ta karanta mini don idona ya ƙi, sannan na karɓa na karanta da kaina.

Na ga bai buɗe ta goma ba. Kwana biyu ina juya abin, ko in yi kuka ko in gode. Ya tafi yana zaton na ƙona takardar da ya ce in ƙona, yana zaton ina nan ina taƙama a coci. To gara haka. Shi ya so ya rufa mini, ya kuma samu.

Ga ƙunshin nan na mayar maka, kada ka ce a'a. Na je wurin Loveday Hocking, uwar Edmund, maƙwabciyata ce, kullum yanzu tare muke shan shayi. Na faɗa mata abin da ke kafaɗarka. Ta ce, "Keziah, mutum biyu sun mutu a ƙarƙashin abin nan, ki ce wa yaron ya cire." To ka cire, ka aiko mata, ba ta da kome nasa, akwatinsa ma bai iso ba. Ka sa wannan. Sabo ne, ba wanda ya taɓa mutuwa da shi. Rigar ulun ta mijina ce, ka riƙe, in Allah ya dawo da kai ruwan sanyi za ta yi maka amfani.

Ba ka faɗi shekarunka ba amma rubutunka na yaro ne. Kana da uwa a Dorset? In kana da ita ka rubuta mata yau, ka sa lamba a sama. Kuma abin da kake so ta sani, ka faɗe shi a kowace takarda, duka, daga farko, ko da ka faɗa sau goma. Kada ka taɓa ce mata yadda na faɗa a ta baya. Ta bayan ba kullum take zuwa ba.

Akun kuma ka aiko, yarinyar ta fara rarrafe. In yana zagi irin na matuƙa ba kome, Loveday ta ce ita za ta gyara masa baki.

In ka samu sarari ka amsa mini, ko layi biyu, in san ka cire.

Keziah Pengelly,
uwar Nat